Mu Da Masu Gem, Wa Ke Bin Wani Bashi?

Mu dai mutanen unguwar nan Allah Ya hore mana musu. Ko wuta aka kawo sai an samu mai cewa ba ta kai ta jiya ƙarfi ba. To kwanan nan wani sabon musu ya shigo mana, kuma ta gidan gem ya biyo. Magana ce da Turawa suka daɗe suna kai ruwa rana a kanta, mu sai yanzu ta iso bencin mai shayi: wai shin dole ne masu ƙera wasannin bidiyo su sa kowane irin mutum a ciki, baƙi da fari, mace da namiji, mai sallah da mai zuwa coci, mai ƙafa da gurgu? Ko kuwa kayansu ne, su sa wanda suka ga dama, wanda bai gamsu ba ya ajiye hannu ya tashi?

Sarauniya Amina ce ta jawo. A watan Fabrairun 2025 wani kamfanin Amurka mai suna Firaxis ya fitar da Civilization VII, wasan da ake ba mutum al'umma tun tana ƙauye ya raine ta har ta zama daula. Cikin shugabannin da ake zaɓa, a jere ɗaya da su Confucius na Sin da Hatshepsut ta Masar da Augustus na Rum, sai ga Amina ta Zazzau, kuma Hausa take yi. Guntun bidiyonta ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Akasarin masu tura shi ba su da kwamfutar da za ta ɗauki wasan, wasu ma ba su san yadda ake buga shi ba, amma hakan bai hana kowa baki ba. Bazazzagin da ke gyaran babur a bakin layi kwana biyu ba a iya zama da shi. Duk Bakanon da ya kawo masa gyara sai ya ciro waya ya ce, "Ina naku sarkin? Duniya ta zauna ta tace, uwar ɗakinku ta zaɓo."

Kanawa kuwa ba sa barin bashi ya kwana. Wani yaro mai gyaran waya ya tono cewa tun a watan Agustan 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a cikin Age of Empires III, kuma birnin da aka ba Hausawa a matsayin gida shi ne Kano. Akwai mayaƙan lifidi a kan dawakai, akwai maharban Fulani, akwai maroƙa da limamai, ga shanu ana kiwo. Sai dai da aka ƙara dubawa, shugabar da aka ɗora a kan Hausawan ita ce dai Aminar. Bazazzagi ya ce to ai magana ta ƙare, gari naku, sarauta tamu. Aka yi dariya, aka ƙara shayi.

Da a nan aka tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Ɗan bokon layinmu ne, wanda ke karatu a jami'a, ya mayar da abin shari'a. Ya ce wannan murnar da muke yi ita kanta abin kunya ce. Mutane miliyoyi masu harshe ɗaya, daga Agadas har Kumasi har bakin Kogin Nilu, a ce sai yanzu aka tuna da su, kuma har muna tafi? Ya ce haƙƙinmu ne, wajibi ne a kan kamfanonin nan su nuna duniya yadda take, tunda duniya suke sayar wa. Telan layinmu, wanda a shekaru ya isa ya yi jika da shi, ya ɗago kai daga kan keke ya ce, "Ɗan nan, wajibi fa ka ce. Kai da kuɗinka da ma'aikatanka ka zauna a Japan ka ƙera abin wasa, sai wani a Kurna ya ce maka wajibi? Ni nan in na ɗinka riga, dole ne ta shigi kowa?"

Almajirin liman da ke gefe ya ce a bi a hankali, kalmar wajibi ba a wasa da ita, don wajibi shi ne abin da in ka bari ka yi laifi. Ya ce iyakarta dai a ce mustahabbi, wanda ya yi ya kyauta, wanda ya bari babu komai a kansa. Ɗan boko ya ce shi ba fiƙihu ya zo yi ba. Tela ya ce ai kai ka fara.

Ni kuwa abin da na fi so a duba shi ne abin da muke yi in an miƙa mana hannu. Ku shiga kowane gidan gem a garin nan da la'asar, janareta na kuka, yara sun cika benci, wanda aka ci ya tashi. In allon zaɓen ƙungiya ya fito, ina yatsa ke zuwa? Madrid. In an riga ka, Barcelona ko Man City ko PSG. In aka ce ƙasashe za a buga, Faransa ko Ajantina ko Burazil. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2018 an sa duk ƙasashe 32 a cikin FIFA 18, har da Najeriya, har da Ahmed Musa, wanda muka gani da idonmu yana murza leda a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a waccan gasar muka fita titi muna ihu. To a gem fa? In yaro ya ɗauki Najeriya, sai a ce ko dai ya raina abokin karawarsa, ko kuma ba kuɗinsa ya biya ba. Masu cewa a sa mu, a sa mu, an sa mu, kuma mun bar kanmu a benci.

Amma kada tela ya yi saurin murna, don akwai ɗaya gefen. Waɗanda suka taso da PES a zamanin PS2 sun san wahalar da aka sha. Konami, masu ƙera shi, ba su da lasisin yawancin ƙungiyoyin Ingila, saboda haka Manchester United sunanta Man Red, Chelsea kuma London FC, Arsenal ta zama North London. Mai gidan gem mai kishin sana'arsa sai ya kwana yana gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita launin jesi. Kuma da yawa ba sa tsayawa nan. Sai ka ga an ɗauki wata ƙungiyar da ba mai bugawa an goge ta, an rubuta Kano Pillars, an yi mata ruwan ɗorawa da kore, an cika ta da sunayen 'yan unguwa, an ba mai gidan gem ɗin lamba goma da gudun da ko barewa ba ta da shi. Yaran yanzu ma haka suke yi a Dream League ta waya, da tambarin Pillars ko Katsina United ko Wikki. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci a 2012 da 2013 da 2014 a jere, amma ba a sa gasar tamu cikin FIFA ba, alhali an yi shekaru ana ganin Kaizer Chiefs da Orlando Pirates na Afirka ta Kudu a ciki. Babu wanda ya sa yaran nan wannan aiki, babu mai biyansu. Wanda zai ƙarar da cajin wayarsa don ya ga sunan layinsu a allo, ba za ka ce masa ganin kai a gem ba komai ba ne.

Mai gidan gem, wanda ya fi kowa sanin abin da yara ke so tunda da shi yake cin abinci, ya ce bayan ƙwallo babu wasan da ya taɓa tara masa yara irin GTA San Andreas na 2004. Ya ce har yau in ya ga tsofaffin kwastomominsa, wasu da 'ya'yansu, sai su tuna masa CJ. Baƙin mutum ne, da singileti, a kan keke, a unguwar talakawa, kuma kai ne shi. Ɗan boko ya ce to kun gani. Tela ya ce, "Na gani mana. Ba shi ne wanda ke fizgo mutum daga mota ya gudu da ita ba? In wannan ne wakilinmu, a bar mu ba wakili." Nan fa aka yi shiru kaɗan, don maganar ta shiga.

Gaskiya in aka bi yadda manyan wasannin nan suka riƙa nuna nahiyarmu, tela yana da abin faɗa. Resident Evil 5 na kamfanin Capcom ya fito a 2009, amma tun tallarsa ta 2007 aka fara hayaniya: ga Bature ƙaƙƙarfa da bindiga a wani garin Afirka da aka ƙirƙira mai suna Kijuju, yana ta harbe baƙaƙen mutanen da wata cuta ta haukata. Da wasan ya fito an haɗa shi da abokiyar aiki 'yar Afirka, Sheva, amma can gaba sai ga wasu da bante na ciyawa da masu. Far Cry 2 na 2008 ƙasar Afirka ce da ko suna ba a ba ta ba, yaƙin basasa da lu'ulu'u, kuma jarumin zazzaɓin cizon sauro ne ke kayar da shi, sai ka yi ta neman ƙwaya. Call of Duty na 2014 ya zo Legas, don a yi harbe-harbe a kan titi cikin motoci. Overwatch ya kawo Bayarabe a 2017, Doomfist, attajiri mai basira, amma ɓangaren miyagu yake. Ba wai kowanne shi kaɗai laifi ba ne. Yaƙi akwai shi, sauro kuwa ba sai an ba mu labari ba. Taruwarsu ce matsalar: yaron da ke Koriya ko Poland, wanda bai san mu ta ko'ina ba sai ta nan, me zai ɗauka muna yi daga safe zuwa dare?

Inda majalisa ta haɗu a baki ɗaya, har tela ya tsayar da keke, shi ne da aka zo kan addini. A watan Oktoban 2008 Sony ta janye faifan LittleBigPlanet daga shaguna ta ɗage fitowarsa, saboda an gano cewa wata waƙa da aka sa a ciki, ta makaɗin kora ɗan Mali Toumani Diabaté, tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. A 2012 aka cire wani fagen yaƙi mai suna Favela daga Modern Warfare 2 na ɗan lokaci, don an ga rubutun hadisi mai ɗauke da sunan Allah a jikin firam ɗin hoto, kuma firam ɗin a banɗaki aka rataye shi. A 2020 PUBG ta waya, wadda yaranmu ke kwana a kai, ta kawo wani salo da ɗan wasa ke rusunawa gaban gunki don ƙarfinsa ya dawo. Aka yi ca, suka ba da haƙuri suka cire. A 2021 kuma Call of Duty: Vanguard ya fito da shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa, shi ma aka ba da haƙuri aka cire. Almajirin liman da ya ce mustahabbi, a nan sai ya ce a'a, wannan kam haramun ne, kuma gyara shi wajibi. Ɗan boko ya ce, "Malam, ashe dai akwai wajibin."

To ni a nan na tsaya. Ba dole ne ka gayyace ni bikin 'yarka ba, gidanka ne, shinkafarka ce. Amma in ka aiko mini da goron gayyata, ka sa sunana a kati don a ce kana da jama'a, to ba ka da ikon shimfiɗa mini tabarma a bakin kwata. Kamfanin da ya yi wasansa a kan jaruman Japan na da, ko 'yan fashin teku na Turai, bai ci mana komai ba. Wanda ya ɗauki garinmu, ko tufafinmu, ko Littafinmu, ko fuskarmu, ya sa a kayansa ya sayar, shi ne muke bi bashi, kuma bashin shi ne ya san abin da ya ɗauka.

Abin lura, yawancin ɓarnar nan ba ƙiyayya ce ke kawo ta ba. Mai zane ne ke neman abin da zai cike bango, ya shiga rumbun hotuna ya ga rubutun Larabci mai kyau, a wurinsa ado ne, ya manna. Wasan ya bi ta hannun ɗaruruwan ma'aikata, babu ko ɗaya da ya iya karanta abin da ke jikin bangon. Da akwai yaro ɗaya da ya yi makarantar allo a ofishin, da kallo ɗaya ya isa. Shi ya sa nake ganin masu kirga fuskoki a allo sun bar inda gizo ke saƙar. Su waye a ɗakin da ake ƙera abin? In an nemi masu sani, ana ganin bambanci. Assassin's Creed Mirage na 2023 an gina shi a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ana iya buga shi gaba ɗaya da Larabci, ana jin kiran sallah a cikin gari, kuma Musulmi da yawa sun yaba. A shekarar dai, da Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manya da hijabi, kamfanin EA ya gyara wasansa FIFA 23 ya sa mata hijabinta. Ƙaramin aiki ne a wurinsu. A wurin yarinyar da ta gani kuwa ba ƙarami ba ne.

Uzurin kamfanoni iri biyu ne. Na farko kuɗi: a 2014 Ubisoft ta ce ba ta sa mace cikin jaruman Assassin's Creed Unity ba ne saboda aikin zanen motsi zai ninka, aka yi musu dariya har suka gaji. Wannan ba ya buƙatar dogon zance. Na biyun ya fi nauyi, wato tarihi. Kingdom Come: Deliverance na 2018, wanda wani kamfani a birnin Prague ya yi, labarin ƙauyukan Bohemiya ne a shekarar 1403, kuma babu baƙin mutum ko ɗaya a ciki. Da aka yi magana, suka ce ƙauyen kakanninsu ne, haka yake. Ni ban ga laifinsu ba, don mu ma in za a yi wasa a kan wani ƙauyen Gumel shekaru ɗari shida baya, ba za mu so a cusa mana Bajamushe don a cika lissafi ba. Da suka yi na biyu a 2025, labarin ya shiga babban birni da sansanin mayaƙa, sai suka sa wani masani mai suna Musa daga Mali. Wasu daga cikin masu tafa musu jiya suka koma zaginsu.

Sai dai masu fakewa da tarihi su yi hattara, don sau da yawa tarihin ya fi su yalwar zuciya. A ce yau za a yi wasa a kan birnin Kano na da, wani ya ce Hausawa zalla za a sa don haka tarihi ya nuna. Sunayen unguwanni kaɗai sun ƙaryata shi: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Wangarawa daga Mali suka zo, Shehu Magili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa, ayarin Buzaye na shigowa da gishiri. Kasuwar Kurmi ba da harshe ɗaya aka ci ta ba.

Mai gyaran waya ne ya kawo maganar da ba mu so ji ba. Ya ce, "Wai ku da kuke cewa suna sayar mana, wa ya taɓa saya?" Manyan wasannin nan ana kashe musu ɗaruruwan miliyoyin daloli, sabo kuma ana sayar da shi dala 60 zuwa 70. Mu kuwa kai na'ura muke yi kasuwa a buɗe ta, a loda mana wasa ashirin a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. A littafin kamfani, unguwar nan babu ta. Ba don Allah ake fassara wasa zuwa Larabci ko Turkanci ko harshen Burazil ba, don an ga masu biya ne. Ya ce wayar hannu ce kawai ta fara sa a gan mu, tunda yaran da ke buga Free Fire da PUBG suna sayen kayan ado na cikin wasa da kuɗinsu na gaske, wani ma da kuɗin cefanen da aka aike shi. Ɗan boko ya ce mutunci ba a sayensa da dala. Gaskiya ne. Amma ɗan kasuwa ba ya jin wannan yaren, kuma mu Kanawa mun fi kowa sani.

Duk wannan surutu maza ne ke yi. Mai awarar da ke soya a gefe tana ji, ba ta ce uffan ba, sai da aka zo biyan kuɗi. Ta ce wa mai gidan gem, "Alhaji, tunda ka buɗe shagon nan, yarinya nawa ta taɓa zama a bencinka?" Ya ce ai ba wurin mata ba ne, Hajiya. Ta ce ta sani, ita ma ba za ta bar tata ta shiga ba. "Amma in dare ya yi wayata ba ta kwana a hannuna. Su ne Ludo, su ne Candy Crush, har ƙwallon ma ƙaramar tana cin yayanta, sai ya ƙwace ya ce wayar ta yi zafi. Kuna kukan Bature bai sa ku ba. Ku wa kuka sa?"

Ba a amsa mata ba, don babu amsar. Sai a FIFA 16, wanda ya fito a 2015, aka fara sa mata, ƙasashe 12, babu ta Afirka ko ɗaya. Da aka zo FC 24, magajin FIFA, a 2023 aka haɗa maza da mata a fili ɗaya a sashen da mutum ke tara 'yan wasansa, samari a duniya suka yi ta ƙorafi, namu ma ba a bar su a baya ba. Yaron da jiya yake cewa wariya ce a ƙi sa gasar Najeriya, yau shi ne ke cewa an ɓata gem da aka sa Asisat Oshoala, matar da ta zama gwarzuwar Afirka har sau shida. Kowa yana son a buɗe ƙofa daidai faɗin kafaɗarsa, in ya shige a rufe. Haka nan guragun da ke buga ƙwallo da hannu a kan katako mai taya, waɗanda in suna wasa a garin nan sai ka rasa wurin tsayawa, ko sau ɗaya ba su faɗo a bakin masu neman wakilci ba.

Kuma in za a bi ta ƙaƙale, mu ma muna da masana'antar nuna mutane. Shekara nawa muna dariya da Ɗan Gwari a finafinan marigayi Ibro? Bafulatani a fim ɗinmu in ba a rikita shi da mota ba, to an damfare shi a kasuwa. Inyamuri kuɗi, Bayarabe hayaniya, Bamaguje giya, baƙauye kuwa ba a magana. Za a ce wasa ne, akwai barkwanci tsakani, kuma wani lokacin haka ne. Amma barkwanci na gaskiya mai ramawa ne, irin na Bazazzagi da Bakano, kowa da bakinsa. Wanda aka sa a fim ba ya ramawa. In Bagwari ya ce bai ji daɗi ba, me muke ce masa? Ai wasa ne, kada ka ɗauka da zafi. Daidai abin da Capcom za ta so mu ce.

Wasu dai sun daina jira. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa sun kafa Kiro'o Games, suka yi shekaru suna fama da ɗaukewar wuta, suka fitar da Aurion a 2016, labarin sarki da sarauniyar da aka yi wa juyin mulki ranar aurensu. Abubakar Salim, ɗan wasan Birtaniya mai tushe a Kenya, wanda ya yi muryar jarumin Assassin's Creed Origins, ya kafa nasa kamfani ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 don tunawa da mahaifinsa, har da muryoyin Swahili. Almajirin liman ya ce to in haka ne ya sake fatawa: abin nan farilla ce ta kifaya, kuma a kanmu take, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya ɗauka. Tela ya ce wannan fatawar ta fi ta farko.

Nan take aka kafa kamfani a kan benci. Kowa ya yarda da dambe za a fara, don an riga an gama tsara shi tun kafin a haifi Tekken: ga Kudu, ga Arewa, ga Guramaɗa, ga hannu ɗaya naɗe da zare, ga turmi uku, ga makaɗi yana zuga ka ƙarfinka na ƙaruwa, in ka kai mutum ƙasa ka yi kisa. Wani ɗan Maraɗi ya ce a sa kokawa, a yi gasar takobi irin wadda ake yi a Nijar tun 1975, jiha takwas kowa da gwaninta. Aka ce an sa. Wani ya ce hawan daushe, a yi tseren dawaki. Aka ce an sa. Mai awara ta ce mata fa? Aka ce za a duba.

Ɗan boko ne ya ce duk wannan ƙananan abubuwa ne, babban wasa shi ne na tarihi, a yi jihadin 1804, daga hijira zuwa Gudu, zuwa Tabkin Kwatto, har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Kowa ya ce madalla. Sai mai gidan gem ya ce, "To amma fa ku sani, gem ba fim ba ne. Hannu biyu ne. In wani ya ɗauki jama'ar Shehu, dole wani ya ɗauki Yunfa na Gobir. Kuma in yaron da ya ɗauki Yunfa ya fi iya danna hannu, shi zai ci." Almajirin liman ya ce a'uzubillahi, sai dai a yi shi yadda kwamfuta ce za ta riƙe Gobir, kuma kullum a ci ta. Mai gyaran waya ya ce ko an yi hakan, wa zai zana fuskar Shehu, kuma wa zai kai wa hukumar tace finafinai ta sa hannu? Wani ya ce a bar fuska, a nuna tuta kawai. Wani ya ce Barebari fa, in aka zo kan Shehu Laminu da wasiƙun da ya yi musaya da Muhammadu Bello, a wane ɓangare za a sa su?

Akwai wani dattijo Bagobiri mai sayar da goro, da zanensa a kumatu har kunne, wanda tun farkon zancen bai sa baki ba. Ya gyara rufin algarararsa ya ce wa ɗan boko, "Yaro, ɗazu na ji kana cewa wajibi ne a nuna kowa yadda yake. To ni ne bos ɗin naku ke nan? In za ku sa kakana, ku zo gida ku tambaye mu yadda muke ba da labarin, don ba irin naku ba ne. Kuma ku gaya wa mai zanen, tsagar nan ta dama da ta hagu ba adadinsu ɗaya ba. In ya daidaita su, ba mu ya zana ba."